Baba Usuman Mai Tambayar Hadari

Mahaifina manomi ne da ya shekara talatin da wani abu a garin da ba a noma. Sunansa Usuman, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Ya baro gida da ƙafa tun yana saurayi da niyyar sauke farali, ya shekara shida a hanya, ya tsinci auduga a Sudan har ya gaji, a can kuma ya auri mahaifiyata Mastura suka ƙetaro teku tare. Hajji dai an yi, komawa ce ba a yi ba.

Ni a nan Jidda aka haife ni, a unguwar Ammariyya, cikin watan azumi. A takarda Abdulghaffar nake, a unguwa Ɗan'azumi, a wurin iyayena kuwa ba ni da suna ko ɗaya, domin ni ne ɗan fari. Wanda ya san Hausawan zamanin da, ya san wannan alkunyar. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi a cikin taro, ba ya nuna shi ya ce wannan nawa ne. In Baba zai kira ni "kai" yake cewa, in kuma maganata ta taso a bayan idona sai ya ce "yaron nan". Haka na tashi, kuma ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba.

Aikinsa ɗinkin buhu ne a mina, wato tashar jiragen ruwa. In jirgi ya zo da shinkafa ko sukari ko dawar Sudan, 'yan dako da ƙugiyoyinsu ba sa tausayin buhu, kafin a kai sito an farke goma an huda ashirin. Sai a jibge wa Baba su a gindin bango. Yana zaune a kan wani tsohon buhu, basilla a hannu, zare a rataye a wuya, ya ɗinke wannan ya jawo wancan, tun hantsi har la'asar. Ɗinkinsa ba ya warwarewa, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Abin da ya ba shi damar zama a wurin biɗaƙa ce, katin shiga mina, wadda ya ɗinka wa 'yar jakar fata ya rataya a ƙirji kamar laya. Ba biɗaƙa, ba shiga. Shekara ashirin da biyu yana nuna ta a ƙofa kowace safiya.

Sai dai tsohon yana da wata ɗabi'a da ta hana ni sakat. Duk jirgin da ya tsaya, sai ya tare ma'aikatansa ya tambaye su ko sun baro hadari a hanya. A Jidda fa, inda ruwan sama yake zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, wata shekarar ma ya yi fushi ya ƙi zuwa, in kuma ya ga dama ya zo da hauka ya cika lunguna da laka. Dalilinsa shi ne, a bayan gidanmu akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, shi ne gonarsa. Binne yake yi irin na ƙasarsu, wato a sa iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a jira. In ka yi da wuri tururuwa da ɓeraye su kwashe, in ka makara ruwa ya wuce ka. Shi ya sa yake neman labarin hadari, kuma a ganinsa mutanen teku ne suke fara gamuwa da shi. Ba ya yarda ya zuba wa gonar ruwan 'yan garuwa, wai shi ba mai lambu ba ne. A iya sanina sau uku shukar ta tsiro, sau ɗaya tak geron ya kai ga fitar da kai, shi ma akuyar maƙwabta ce ta ci moriyarsa.

Larabcin Baba na kasuwa ne, da ƙyar yake kai shi ya dawo da shi. Da hannu yake tambayar tasa, ya nuna sama, ya karkaɗa yatsu kamar yayyafi. Haka ake tafiya har shekarar da aka rufe mashigin Suwes, jirage suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka. A lokacin ne wani jirgin Girkawa ya fara zuwa mana duk bayan wata huɗu ko biyar. Mai dafa musu abinci wani dogon baƙin mutum ne, Firminu, daga wasu tsibirai da yake kira Kabu Berdi, waɗanda a wancan zamanin suke hannun Fotugal. Ya sauko wata rana da buhun fulawarsa da ya yage, Baba ya ɗinke masa, sannan ya yi masa tambayar da ya saba. Maimakon ya yi dariya ya wuce kamar sauran, sai mutumin ya tsuguna, ya tona ƙasa da yatsa, ya jefa tsakuwa a ramin, ya rufe, ya ɗaga kai sama. Ashe su ma a ƙasarsu binne suke yi, na masara, kuma su ma ruwan nasu ba shi da alkawari. Mutum biyu da ba su haɗa kalma ɗaya ba suka ɓata rabin sa'a suna tonon ƙasa suna ƙyalƙyala dariya.

Firminu ne ya koya masa tambayar da yaren Fotugal. "U sewu ishta nubladu?" Wato, sama ta yi hadari? In an ce masa "ishta limpu", sama tas take ke nan. In an ce "bai shuber", za a yi ruwa. Kalmomin da ya iya ke nan a duk yaren, amma ya riƙe su kamar karatun allo. Daga ranar kowa ya samu da su yake tambayarsa, Bagirke ne ko Ba'indiye, ya ji ko bai ji ba. Mamakin shi ne, da yawansu sun saba, tun daga kan tsani suke ɗaga masa hannu su ce limpu. 'Yan dako kuwa suka laƙaba masa Nubladu. Shi ko a jikinsa, amsawa ma yake yi.

Ni ne abin ya tsaya wa a rai. Na yi makaranta, ina Larabci kamar kowane ɗan Jidda, na tsinci Turanci, na samu aiki a maktab, ofishin wani kamfani mai wakiltar jirage, ina kai takardu ina tafinta. Farin tob, wato doguwar rigar Larabawa, agogo, alƙalami biyu a aljihu, alhali ɗayan ko rubutu ba ya yi. A maktab kowa ya san ni Takruni ne, yadda suke kiran irinmu 'yan asalin yamma, don fata ba ta ɓuya, amma ba wanda ya san ɗan wa nake. Abokin aikina Hamad yakan leƙa ta taga ya kwaikwayi muryar tsohon, a kwashe da dariya. Ni ma nakan taya su, ta gefen baki. Allah ya gani, ba da son raina nake yi ba, amma dai ina yi.

Alkunyar Baba ta zame mini mafaka. In na zo wucewa ta gaban sito sai ya sunkuyar da kai kan buhu kamar bai gan ni ba, yadda al'ada ta ce. Ni ma sai in wuce kamar ban gan shi ba, in ce wa raina ai ladabi nake yi. Shi kunya yake ji don ni nasa ne, ni kuma kunyar zama nasa nake ji. Daga nesa duk ɗaya suke, shi ya sa muka shekara biyu a haka ba wanda ya ce mini komai.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To ni na ɓoye nawa. Wata Talata ce a farkon sanyi, lokacin da ake sa ran ruwa. Jirgin su Firminu ya dawo, shi kuma ya kawo wa Baba tsaraba, irin masara na ƙasarsu da ƙanwar Firminun ta aiko masa, ɗan ƙulli a cikin hankici wanda bai cika tafin hannu biyu ba. A watan kuwa an tsaurara doka saboda kaya sun yi ta ɓacewa, aka ce ko ƙwayar shinkafa aka kama mutum da ita a ƙofa, biɗaƙarsa ta tafi. Baba bai ɗauki ƙullin a bakin kaya ba. A wurinsa iri ne, iri kuwa manomi yake ba ɗan'uwansa ba tare da neman izinin kowa ba. Bai ko ɓoye shi ba, a hannu ya riƙo shi ya doshi ƙofa bayan la'asar.

Ina cikin ɗakin masu tsaron ƙofa ni da Hamad, muna jiran a buga mana hatimi a takardun wani jirgi, sai ga askari ya shigo da Baba. Ba a jima ba Firminu ya faɗo ɗakin yana haki, da rigar girkinsa a jiki, wani ɗan dako ya kai masa labari. Ya yi ta zuba bayani ba mai ji. Babban masu tsaron, wani mai furfura da ba shi da mugunta, ya tambaya ko akwai mai jin Turanci, na ce ga ni. Firminu ya koma ɗan Turancinsa na jirgi, ni kuma na juya zuwa Larabci tsaf. Na ce kyauta ce, iri ne, ba ya cikin kayan jirgi, tsohon kuma kowa ya san shi da amana. Har gishiri na ƙara, ina jin kamar na yi wani abin kirki.

Babban masu tsaron ya ce ya yarda, amma doka doka ce. Hanya ɗaya ce, in akwai wani mai aiki a mina da zai sa hannu ya tsaya masa a matsayin kafili, zai rubuta cewa kuskure ne ya sallame shi. Sai ya juya wajen Baba, ya kira shi baffa da Larabci.

"Ya ammi, ba ka da kowa a nan? Ɗa ko ƙane, wanda zai tsaya maka?"

Baba ya dubi ƙasa. Na san abin da ke faruwa, kuma a ɗakin nan ni kaɗai na sani. Bakinsa ba zai iya furta cewa ga ɗana nan ba. Ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai nuna ni ba. A al'ada wannan maganar tawa ce, ni ya kamata in matso in ce mahaifina ne. Taku biyu ne tsakanina da teburin, ga alƙalami a aljihu. Hamad yana gefena yana danne dariya. Sai na tuna mudir, shugaban maktab ɗinmu, na tuna tagar nan, na tuna gobe za a wayi gari ana kirana ɗan Nubladu. Na ce a raina bari a sake tambaya, sannan in yi magana.

Aka sake tambaya. Sau uku mutumin nan ya tambaya, a na ukun har ya ɗan sunkuyo ko tsohon bai ji ba. Sai Baba ya ce, "Allah yana nan, ya sidi."

Balarabe bai san irin wannan kunyar ba. A wurinsa mai ɗa da ƙarfi yake faɗa, saboda haka ya ɗauka tsohon ba shi da kowa. Ya ce shi ke nan, a kawo biɗaƙa, zai ajiye ta kwana bakwai, in an samu kafili kafin nan a zo a karɓa. Baba ya ciro jakar daga wuya, ya zaro katin, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu, ya mayar da jakar wuyansa ba komai a ciki. Aka miƙa wa Firminu ƙullin masararsa. Da ya tambaye ni me aka yanke, na ce masa ƙaramin abu ne, za a gyara. Ya dafa kafaɗata ya yi mini godiya.

A gida Baba bai gaya wa kowa ba. Amma Haladu, wani ɗan dako na unguwarmu, yana bakin ƙofar ɗakin ya ga komai, kafin magariba labari ya riga ni isowa. Na tarar da mahaifiyata tsaye a tsakar gida, ba ta ko amsa sallamata ba.

"Abdulghaffar," ta ce.

Tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Cikakkensa ta faɗa, yadda askari yake karanta shi a takarda.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To wannan hannun ma bai ruɓe ba. Kana da kwana bakwai."

Da a ce firgicin sa'a ɗaya ne, da na samu abin kare kaina. Amma kwana bakwai fa. Laraba na ce aiki ya yi yawa. Alhamis rabin rana ce, Juma'a ba aiki. Asabar na je har bakin ɗakin, na hango Hamad a ciki yana shan shayi da askarawa, na juyo. Lahadi na rubuta takardar tsayawa na sa a aljihu, ta kwana biyu a nan har gumi ya jiƙa ta. Talata ta zagayo aka soke biɗaƙar. Babu wanda ya tare ni, babu wanda ya yi mini barazana. Mudir ɗin da nake ta jin tsoro, daga baya na gane bai ma damu ya san ɗan wa nake ba.

Baba ya koma wajen masu sayar da hatsi kusa da Bab Makka, yana ɗinka musu buhu in an samu, yawanci kuma ba a samu. Daga wurin ba a hango teku. Bai zage ni ba, bai sauya mini fuska ba, ya kuma hana mahaifiyata ta sake tayar da maganar. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Abu ɗaya kawai ya ƙaru. Kullum in na dawo daga aiki yana zaune a ƙofar gida, ba tare da ya dube ni ba, kamar da bango yake magana, sai ya tambaya ko mutanen teku sun ce wani abu. Ni kuma in ce sun ce sama tas take. Ya ce to, Allah ya kawo. Ban taɓa tambayar kowa ba. Ina ni ina tsayawa da farin tob a gaban Bagirke ina cewa nubladu? A shekarar ruwa ya sauka sosai, kwana biyu a jere, ya tarar da gonar Baba ba ko ƙwaya ɗaya a ciki, domin da maganata yake aiki.

Bayan wata biyar jirgin ya dawo. Firminu ya zo maktab neman takardar ganin likita, ya gane ni, ya tambaye ni ina tsohon nan mai basilla, ya je gindin bango ya tarar da wani. A nan ne ba ni da ko ƙaramin uzuri, domin ba kowa a maktab sai ni da shi, ba Hamad, ba mudir. Na san in na faɗi gaskiya zai ba ni saƙo, zai tambaye ni yadda aka yi na san gidan. Sai na ce masa tsohon ya koma ƙasarsu. Fuskar mutumin nan ta washe. Ya tafa hannu, ya ce madalla, yanzu zai ga ruwa na gaske, zai shuka babbar gona. Shi ya baza labarin a jirage. Waɗanda suka saba tambayar 'yan dako ina Nubladu suka daina, tunda an ce ya tafi gida lafiya.

Shekara uku muka yi a haka, yana tambaya ina amsawa. Ƙurar buhu ta shekara da shekaru ta kama masa ƙirji, ya kwanta. Wata rana da yamma mahaifiyata ta fita neman magani a maƙwabta, ina zaune daga bakin ƙofar ɗakinsa, sai na ji ya ce, "Kai." Na matsa. Wannan karon ya dube ni.

"Shekara uku ke nan kana kawo mini labarin sama. A cikinsu babu wanda ya taɓa cewa ina tsohon nan? Ko Firminu?"

Muryarsa ba ta da zargi, abin da ya karya ni ke nan. Tambaya yake yi tsakani da Allah, don ya ɗauka an manta da shi tun ranar da ya bar gindin bango. Na durƙusa na gaya masa komai. Na ce sun tambaya, sun yi ta tambaya, ni ne na ce musu ya koma gida. Na ce ban taɓa tambayar kowa hadari ba, ko sau ɗaya. Ina magana ina kallon tabarma, don ba zan iya kallonsa ba.

Can ya tambaye ni abin da Firminu ya ce da ya ji labarin, na gaya masa yadda ya tafa hannu da abin da ya faɗa. Sai tsohon ya fara dariya, ta zame masa tari, na tallafe shi na ba shi ruwa.

"Babbar gona, ya ce?"

"E, Baba."

"To, kada ka gyara masa. In ya sake zuwa ka ce masa geron ya yi kyau."

Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa, muka binne shi a nan Jidda. Firminu ya sake zuwa sau biyu kafin jirginsu ya sauya hanya, kuma duk sau biyun na gaya masa geron ya yi kyau, ya yi murna ya ce in an samu mai tafiya a gaishe shi. Shi ne kaɗai aiken mahaifina da na taɓa isarwa a mina.